KALMOMIN SOJA DA NA JIRGIN RUWA CIKIN FARANSANCI: DARASI DOMIN MATAFIYA, MASUNTA DA MA'AIKATAN TSARO

1. DALILIN WANNAN DARASI

Dagauda gari ne a Ƙaramar Hukumar Dambam ta Jihar Bauchi, gabas da Azare. Babu teku kusa da shi, bai kuwa yi iyaka da wata ƙasa ba. Saboda haka mai karatu yana iya tambaya, ina ruwan mutumin Dagauda da kalmomin da sojan Faransa da matuƙan jiragenta su ke amfani da su? Amsar tana cikin ruwan da ke ratsa ƙasar, da kuma hanyar da ta bi ta cikinta.

Kogin Jama'are ya ratsa ƙasar Katagum, ya haɗu da kogin Haɗeja kusa da Gashuwa, suka zama kogin Yobe. Kogin Misau, wanda Barebari ke kira Komadugu Gana, shi ma cikin Yobe ya ke zuba. Daga nan Yobe ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, ya wuce ta gefen Difa, ya faɗa tafkin Chadi. Inda ruwan nan ya bi, nan mutane ke bi: fataken shanu, da dillalan banda, da direbobin manyan motoci, da 'yan cin rani, da samarin da suka shiga aikin soja aka tura su gabas. Da zarar sun ƙetare iyaka, sai su tarar da ma'aikata waɗanda harshen aikinsu Faransanci ne. Ƙasashe huɗu ne ke iyaka da Nijeriya ta tudu, watau Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, dukkansu kuwa da Faransanci su ke tafiyar da yawancin sha'anin soja. Iyakar Nijar kaɗai ta kai kimanin kilomita 1,500.

Gaskiya ne cewa a shekarar 2025 Nijar ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, kuma sojanta da yawa suna jin Hausa. Amma umarnin fareti, da rubutun alluna, da takardun izni, har yanzu cikin Faransanci a ke samun su. A wurin da a ke riƙe da makami, ko a tsakiyar ruwa, rashin fahimtar kalma ɗaya yana iya jawo asarar rai. Shi ya sa aka tsara wannan darasi, inda za a kawo kalmar Faransanci, da yadda a ke furta ta, da takwararta ta Ingilishi, sa'an nan ma'anarta da Hausa.

2. YADDA KALMOMIN SUKA ISO ƘASAR HAUSA

Yawancin kalmomin soja na Ingilishi daga Faransanci aka aro su. Wasu sun shiga ne bayan shekarar 1066, lokacin da Normandawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi. Wasu kuma sun shiga a ƙarni na 17 da na 18, sa'ad da rundunar Faransa ta zama abin koyi a Turai. Hausa kuwa ta karɓe su ta ƙofa biyu. A Nijeriya sun biyo ta bakin Ingilishi, suka zama soja, kofur, saja, kyaftin, manjo, kanar, bataliya, fareti da sintiri. A Nijar sun biyo ta bakin Faransawa, suka zama kumandan, jandarma da duwan. Kalmar soja kanta tana da dangantaka da solde, watau albashin mayaƙi. Lieutenant kuma kalma biyu ce aka haɗa, lieu da tenant, ma'anarsu mai riƙon wuri, kamar dai a ce muƙaddashi.

Faransanci shi ma ya yi aro daga Larabci. Amiral daga amir ta fito. Arsenal, gidan ƙera makamai da ajiye su, daga darus sina'a. Baroud, wadda sojan Faransa ke nufin gumurzu da ita, asalinta ɗaya da albarushi na Hausa.

Tarihin wannan yanki cike ya ke da masu irin waɗannan muƙamai. A watan Janairu na 1824 Hugh Clapperton, laftanan na sojan ruwan Ingila, ya sauka a Katagum zamanin Sarki Ɗankauwa. Abokin tafiyarsa, likita Oudney, a Murmur ya rasu, kusa da Katagum. A 1891 wani hafsan ruwa na Faransa, Mizon, ya hau kogin Binuwai har Yola. A ƙarshen 1897 Emile Gentil, shi ma hafsan ruwa, ya iso tafkin Chadi cikin ɗan jirgi mai tururi, Léon Blot, wanda aka ɗauko gunduwa-gunduwa aka harhaɗa. A 1898 aka kashe capitaine Cazemajou a Damagaram. Ranar 22 ga Afrilu, 1900, commandant Lamy ya mutu a yaƙin Kusuri, rana ɗaya da Rabe. Da sunansa aka kira birnin Fort-Lamy, wanda aka mayar Njamena a 1973. Daga 1906 zuwa 1908 capitaine Tilho na Faransa da manjo O'Shee na Ingila suka bi iyakar Nijeriya da Nijar suna kafa alamu, daga Kwara har tafkin Chadi.

Bayan samun mulkin kai, sojan Nijeriya sun yi aiki a ƙasashe masu Faransanci sau da dama: a Kwango daga 1960 zuwa 1964, a Chadi a 1979 da kuma 1981 zuwa 1982, sa'an nan a Mali a 2013.

3. ƘA'IDOJIN FURUCI A TAƘAICE

Rubutun Faransanci da furucinsa sun sha bamban. Wanda ya kiyaye waɗannan ƙa'idoji bakwai zai iya karanta yawancin alluna.

Na ɗaya, baƙin da ya zo a ƙarshen kalma, musamman t, d, s da x, galibi ba a furta shi. Soldat, sai a ce solda.
Na biyu, h ba ta da sauti. Halte, sai a ce alt.
Na uku, ou daidai ya ke da u na Hausa, au da eau kuwa o ne.
Na huɗu, oi wa ne. Voile, sai a ce vwal.
Na biyar, ch sh ne, qu kuwa k ne.
Na shida, j, da g mai biye da e ko i, ana furta su da taushi, kamar yadda Hausawan Nijar ke furta j.
Na bakwai, an, en da on a hanci a ke fitar da su, ba a danne n ɗin.

Furucin da aka rubuta a jerin da ke biye kusantawa ne kawai, gwargwadon abin da haruffan Hausa za su iya ɗauka.

4. MUƘAMAN SOJAN ƘASA

Tsarin jerin shi ne: Faransanci – furuci – Ingilishi – Hausa.

soldat – solda – private – farabiti
caporal – kaporal – corporal – kofur
sergent – serjan – sergeant – saja
adjudant – ajudan – warrant officer – samanja
sous-lieutenant – su-liyetnan – second lieutenant – laftanan na biyu
lieutenant – liyetnan – lieutenant – laftanan
capitaine – kapiten – captain – kyaftin
commandant – komandan – major – manjo
lieutenant-colonel – liyetnan-kolonel – lieutenant colonel – laftanan-kanar
colonel – kolonel – colonel – kanar
général de brigade – jeneral da birigad – brigadier general – birgediya-janar
général de division – jeneral da divizyon – major general – manjo-janar
général de corps d'armée – jeneral da kor darme – lieutenant general – laftanan-janar
général d'armée – jeneral darme – general – cikakken janar

A nan akwai wurare uku da mutane su ka fi yin tuntuɓe.

Na farko shi ne kalmar major. A rundunar Faransa, major ba hafsa ba ne. Shi ne ƙololuwar muƙaman da ke ƙasa da hafsa, yana sama da adjudant-chef, yana ƙasa da laftanan na biyu. Wanda Ingilishi ke kira major, Hausa ta ce manjo, shi ne commandant. Saboda haka Lamy na yaƙin Kusuri manjo ne. Har wa yau, wasu ƙasashe irin su Nijar da Mali da Burkina Faso suna da colonel-major, wanda ke tsakanin kanar da birgediya-janar.

Na biyu shi ne lissafin taurari. A al'adar Ingilishi birgediya-janar shi a ke kira mai tauraro ɗaya. A tsarin Faransa kuwa janar mafi ƙanƙanta taurari biyu ya ke sawa, sai mai uku, da mai huɗu, da mai biyar. Wanda ya ga taurari biyu a kafaɗar janar mai bin wannan tsari, kada ya ɗauka manjo-janar ne. Hafsoshin da ke ƙasa da janar igiyoyi su ke sawa, waɗanda a ke kira galons: ɗaya ga laftanan na biyu, biyu ga laftanan, uku ga kyaftin, huɗu ga manjo, biyar ga kanar. Laftanan-kanar shi ma biyar ne, amma masu launi biyu. Maƙwabtan Nijeriya sun gaji wannan tsari tare da 'yan canje-canje.

Na uku shi ne gaisuwa. A sojan ƙasa a kan sa mon kafin muƙamin hafsa namiji: mon capitaine, mon colonel, mon général. Idan hafsar mace ce, sai a ambaci muƙamin kurum. Farar hula da ya ce monsieur ko madame bai yi laifi ba.

5. ƘUNGIYOYIN SOJA, MAKAMAI DA GAJERUN SUNAYE

armée de terre – arme da ter – army – sojan ƙasa
armée de l'air – arme da ler – air force – sojan sama
marine – marin – navy – sojan ruwa
état-major – eta-major – general staff – majalisar manyan hafsoshi, hedkwata
caserne – kazern – barracks – bariki
groupe – gurup – section – 'yar ƙungiya ta kimanin mutum 10
section – seksiyon – platoon – ƙungiya ta kimanin mutum 30 zuwa 40
compagnie – kompanyi – company – kamfani
bataillon – batayon – battalion – bataliya
fusil – fuzi – rifle – bindiga
mitrailleuse – mitrayez – machine gun – bindiga mai sarrafa kanta
canon – kanon – gun – igwa
balle – bal – bullet – harsashi
obus – obu – shell – harsashin igwa
char – shar – tank – tankar yaƙi
mine – min – mine – nakiya
embuscade – ambuskad – ambush – kwanton ɓauna
renfort – ranfor – reinforcement – gudunmawa
cessez-le-feu – sese-la-fe – ceasefire – tsagaita wuta

A lura da section. Idan kwamandan Nijeriya ya nemi a aiko masa da section yana nufin mutum goma, ɗan'uwansa na Chadi ko Kamaru zai fahimci mutum talatin ko fiye. Idan kuwa rahoton Faransanci ya ce section guda ta maƙiya tana tafe, wanda ya fassara shi da ma'anar Ingilishi zai shirya wa mutum goma, alhali ninki uku ne ke zuwa.

Ban da soja da 'yan sanda, waɗannan ƙasashe suna da gendarmerie, watau jandarma. Soja ne masu aikin 'yan sanda, musamman a karkara da kan manyan hanyoyi, kuma Nijeriya ba ta da irinsu. Akwai douane, ma'aikatan kwastan, da eaux et forêts, ma'aikatan gandun daji da ruwaye, waɗanda ke duba iznin su da na saran itace.

Faransanci ya kan sa siffa bayan suna, shi ya sa gajerun sunayensa ke juyewa. Hukumar Tafkin Chadi, wadda Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa ranar 22 ga Mayu, 1964, LCBC ce da Ingilishi, CBLT da Faransanci. ECOWAS ita ce CEDEAO. UN ita ce ONU. Rundunar haɗin guiwa ta yankin tafkin, MNJTF, ita ce FMM. Nijeriya ce ta fara kafa ta a 1994, aka faɗaɗa ta da sojan Chadi da Nijar a 1998, sa'an nan aka sake mata fasali a 2015, aka mai da hedkwatarta Njamena. A watan Maris na 2025 Nijar ta ba da sanarwar janye sojanta daga cikinta. FDS kuwa suna ne da ya haɗa dukan ma'aikatan tsaro, FAN sojan Nijar ne, BIR kuma rundunar ɗaukin gaggawa ce ta Kamaru.

6. A SHINGEN BINCIKE

Wannan sashe shi ne mafi muhimmanci ga farar hula. Ya kamata kowane direba da yaron mota da falke su hardace shi.

Halte! – alt – halt – tsaya!
Qui va là? – ki va la – who goes there – wane ne nan?
Haut les mains! – o le man – hands up – ɗaga hannuwa!
Avancez – avanse – come forward – matso
Reculez – rakule – move back – ja da baya
Descendez – desande – get down – sauko
Coupez le moteur – kupe la moter – switch off the engine – kashe inji
Ouvrez le coffre – uvre la kofr – open the boot – buɗe but
Circulez – sirkule – move on – wuce
pièce d'identité – piyes didantite – identity document – takardar shaida
laissez-passer – lese-pase – pass – takardar iznin wucewa
zone interdite – zon anterdit – prohibited area – wurin da aka hana shiga
couvre-feu – kuvr-fe – curfew – dokar hana fita

A ƙa'idar sojan Faransa, mai gadin wurin da aka tsare ya kan yi gargaɗi sau uku, abin da su ke kira sommation. Da fari ya ce halte. Na biyu ya ce halte ou je fais feu, watau tsaya ko in buɗe wuta. Na uku ya fara da dernière sommation, ma'ana gargaɗi na ƙarshe. Amma kada matafiyi ya dogara da cewa za a kai na uku, musamman da dare a wurin da a ke fama da tashin hankali. Da jin na farko sai a tsaya cik, a bar hannuwa a fili, kada a sa hannu a aljihu ko a jaka sai an ba da izni.

Ga amsoshi biyar da ke da amfani. Ne tirez pas, a furta na tire pa, kada ku yi harbi. Je suis civil, ja swi sivil, ni farar hula ne. Je suis commerçant, komersan, ni ɗan kasuwa ne. Masunci sai ya ce pêcheur, pesher. Makiyayi ya ce éleveur, elver. Je ne comprends pas, ja na kompran pa, ban gane ba. Parlez-vous haoussa, parle-vu ausa, kana jin Hausa?

A kula da yadda su ke rubuta lokaci. Awa 24 su ke lissafawa, kuma h tana nufin ƙarfe. Allon da ya ce de 20h à 6h yana nufin daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Wanda ya ga an rubuta danger mines, ko EEI, ya sani ana gargaɗi ne game da nakiya ko bam da aka binne. Kada ya sauka daga kan hanya.

7. JIRGIN RUWA DA SASSANSA

Mutanen ƙasar Katagum ba baƙin ruwa ba ne. Sun san fito da damina, sun san kwalekwale da gora da taru. Da yawa sun yi zaman su a Baga da tsibiran tafki. Bayan hukuncin Kotun Duniya na ranar 10 ga Oktoba, 2002, Darak da wasu ƙauyukan masunta sun koma hannun Kamaru a ƙarshen 2003, sai mazaunansu suka wayi gari suna hulɗa da ma'aikata masu Faransanci.

pirogue – pirog – canoe – kwalekwale
bac – bak – ferry – jirgin fito
vedette – vadet – patrol boat – jirgin sintiri
navire – navir – ship – babban jirgi
sous-marin – su-maran – submarine – jirgin ƙarƙashin ruwa
proue – puru – bow – goshin jirgi
poupe – pup – stern – bayan jirgi
bâbord – babor – port – hagun jirgi
tribord – tiribor – starboard – daman jirgi
coque – kok – hull – gangar jikin jirgi
gouvernail – guvernay – rudder – abin juya jirgi
hélice – elis – propeller – farfela
ancre – ankr – anchor – anga
pagaie – page – paddle – filafili
équipage – ekipaj – crew – ma'aikatan jirgi
gilet de sauvetage – jile da sovtaj – life jacket – rigar ceto
naufrage – nofraj – shipwreck – nutsewar jirgi
amont – amon – upstream – inda ruwa ya fito
aval – aval – downstream – inda ruwa ya nufa
crue – kuru – flood – cikar kogi

Me ya sa matuƙa ba su cewa hagu da dama kurum? Domin hagun mutum yana canzawa idan ya juya, amma hagun jirgi ba ya canzawa. Ana ƙayyade shi ne ga wanda ya fuskanci goshi. Matuƙan Faransa suna tuna wannan da kalmar batterie: ba a hagu, watau bâbord, t da r a dama, watau tribord. Da dare jirgi ya kan kunna jar fitila a bâbord, koriya a tribord. Dokar kiyaye karo a teku ta 1972 ta ce idan jirage biyu masu inji suka fuskanci juna gaba da gaba, kowanne ya karkata tribord, su wuce juna hagu da hagu. Wanda ya ji an yi ihu tribord ya karkata hagu, ya kai jirginsa cikin na ɗan'uwansa ke nan.

Haka nan gaɓar kogi. Rive gauche ita ce ta hagun wanda ya fuskanci inda ruwa ya nufa, rive droite ta damansa. Tun da Yobe gabas ya nufa, gaɓar Difa ita ce rive gauche, ta Nijeriya kuwa rive droite. Awon tafiya a teku shi ne mille marin, mita 1,852. Gudun mille ɗaya cikin awa shi ne nœud, a furta ne, da Ingilishi knot. Jirgin da ke gudun nœud 10 yana cin kilomita 18 da rabi a awa.

8. MUƘAMAN SOJAN RUWA

Nijeriya ta kafa rundunar ruwanta a 1956, tana kuwa da sansani a Baga. Wasu jiragenta a Faransa aka ƙera su, kamar Siri da Ayam da Ekun na farkon shekarun 1980, da Lana mai auna zurfin teku, wanda ya iso a 2021. Tun yarjejeniyar Yawunde ta watan Yuni, 2013, tana musayar labari da rundunonin Benin da Togo da Kamaru domin maganin 'yan fashin teku.

matelot – matlo – seaman – ƙaramin sojan ruwa
quartier-maître – kartiye-metr – leading seaman – daidai da kofur
second maître – sagon metr – petty officer – daidai da saja
enseigne de vaisseau – anseny da veso – sub-lieutenant – daidai da laftanan
lieutenant de vaisseau – liyetnan da veso – lieutenant – daidai da kyaftin na ƙasa
capitaine de corvette – kapiten da korvet – lieutenant commander – daidai da manjo
capitaine de frégate – kapiten da fregat – commander – daidai da laftanan-kanar
capitaine de vaisseau – kapiten da veso – captain – daidai da kanar
amiral – amiral – admiral – daidai da janar

Faransawa sun jingina muƙaman nan ga girman jirgin da hafsa zai iya shugabanta a zamanin jiragen iska: corvette ƙarami, frégate matsakaici, vaisseau babba. Clapperton da ya zo Katagum, da a rundunar Faransa ya ke, da lieutenant de vaisseau za a kira shi, irin muƙamin Mizon. A ruwa ba a sa mon. Lieutenant de vaisseau a kan kira shi capitaine, sauran ukun da ke sama da shi a kan ce musu commandant. Contre-amiral kuma, ko da ya ke ƙamus ya kan fassara shi rear admiral, shi ne matakin farko na masu taurari, daidai da général de brigade.

9. KIRAN NEMAN CETO

Manyan kalmomin gaggawa da dukan duniya ke amfani da su a rediyon jiragen ruwa da na sama Faransanci ne aka rubuta da haruffan Ingilishi. Mayday daga m'aider ta fito, watau a taimake ni, an kuwa amince da ita a taron ƙasashe na Washinton a 1927. Ana faɗin ta sau uku, kuma sai idan rai ko jirgi na cikin halaka. Pan-pan daga panne, lalacewar inji. Ana yin ta idan akwai matsala ta gaggawa wadda ba ta kai ga halaka ba. Sécurité, a furta sekurite, share fage ce ga sanarwar hadari ko wani abu da ya tare hanya. Seelonce daga silence, umarni ne ga kowa ya yi shiru a bar mai neman ceto ya yi magana. A teku, tasha ta 16 ta rediyon VHF ita aka keɓe domin wannan kira. Yin sa da wasa laifi ne.

Inda babu rediyo, murya ce makami. Au secours, o sakur, a kawo ɗauki. Un homme à la mer, an om a la mer, mutum ya faɗa ruwa. Au feu, o fe, gobara.

10. KALMOMI MASU RUƊI

Wanda ya iya Ingilishi ya fi kowa shiga wannan tarko, domin ya kan ga kalma ya zaci ya san ta.

Défense de, a kan allo, hani ne. Défense d'entrer, an hana shiga.
Blessé mai rauni ne, ba shi da alaƙa da albarka.
Barrage shingen hanya ne, madatsar ruwa ce kuma.
Pont gada ce, a cikin jirgi kuwa daɓen da a ke tsayawa. Ɗakin matuƙi shi ne passerelle.
Bâtiment gini ne, a bakin sojan ruwa kuwa jirgin yaƙi.
Permission a bariki hutu ne.
Marin matuƙi ne ko sojan ruwa.
Mouiller jiƙawa ce, a jirgi kuwa jefa anga.
Quart aikin tsaro ne na ƙayyadadden lokaci a cikin jirgi.

11. SHAWARA GA JAMA'A

Tun 1996 Gwamnatin Tarayya ta bayyana nufinta na ba Faransanci matsayi na biyu bayan Ingilishi a harkokin hukuma, aka kuma sa shi cikin manufar ilmi ta ƙasa. Kafin nan, a 1991, an buɗe Ƙauyen Koyon Faransanci a Badagiri ta Jihar Legas. Iyaye su ƙarfafa wa 'ya'yansu guiwa su ɗauki wannan darasi a makaranta, musamman masu sha'awar aikin soja, kwastan ko shige da fice.

Ana roƙon shugabannin tasha, da sarakunan ruwa, da malaman yaƙi da jahilci, su riƙa karanta wa jama'arsu sashe na 6 da na 7 da na 9. Kalma biyar a mako ta isa. Matafiyi ya riƙe cikakkun takardunsa, ya tambayi halin hanya da lokacin hana fita kafin ya tashi, ya bi mashigin da hukuma ta amince da shi. Mai jirgi kada ya yi lodi fiye da kima, kada ya tashi da dare ba fitila, kowane fasinja kuma ya sa rigar ceto. Wanda bai gane abin da aka ce masa ba, ya tsaya ya nemi tafinta, gama matambayi ba ya ɓata.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Wane ne babba tsakanin major da commandant a tsarin Faransa?
2. Mutum nawa ne a section ta Faransanci, nawa ne a ta Ingilishi?
3. Wace fitila ce a bâbord, wace ce a tribord?
4. Allo ya ce couvre-feu de 19h à 5h. Daga ƙarfe nawa zuwa nawa aka hana fita?
5. Garin Difa yana rive gauche ne ko rive droite ta kogin Yobe? Kawo dalili.
6. Yaushe a ke kiran mayday, yaushe a ke kiran pan-pan?

Allah ya kiyaye matafiya a tudu da ruwa, ya zaunar da Nijeriya da maƙwabtanta lafiya.